Na nemi fim ɗin direbobin tirela, sai na tarar ƙauyawa ake zagi

Mai tura fina-finai na bakin tasha ne ya zuga ni, wai idan ina son Chuck Norris akwai wani tsohon fim ɗinsa na 1977, Breaker! Breaker!, inda ya fito a direban tirela. Kuɗin turi dai kun san shi, sai na ce a zuba min.

Farkonsa ya ja ni. Lokacin da aka yi shi direbobin manyan motoci suna tashe a Amurka, bayan tsadar mai ta 1973 da dokar 1974 da ta hana gudu fiye da mil 55 a awa. Kowane direba da rediyon oba-oba a motarsa, suna tsegunta wa juna inda 'yan sanda suka laɓe. Wannan zumuncin nasu ya burge ni. Har na ce kuɗina bai faɗi ba.

Sai aka shiga ƙauyen. Wani gari ne wai Texas City a Kalifoniya, inda 'yan sanda ke karkatar da motoci daga babban titi, alƙali mashayi ya ɗora wa direba tara ta zalunci, a ƙwace motar. Haka suka yi wa ƙanin jarumin. To, a ce alƙali azzalumi ne, na yarda, ana samu. Amma gari guda cur? Wannan yana dafa barasa a ɓoye, wancan ƙazami da kaya duk bakin mai, ga wani mai in'ina da aka mai da shi abin tausayi da dariya. Da ƙyar ka tsinci mutum biyu masu hankali, akwai dai wata mace da ta tsaya wa gaskiya. Ni a ƙauye aka haife ni, kuma irin wannan rainin na sha ganinsa a namu fina-finan barkwanci, inda baƙauye kullum shi ne mai buɗe baki yana kallon bene. Ashe su ma can haka suke yi wa nasu.

Abin haushin ma, jarumin da aka ce direban tirela ne, kusan duk fim ɗin a wata 'yar ƙaramar bas mai zanen mikiya yake yawo. Tirelolin sai can ƙarshe suka iso, suka bi ta kan gidajen katako suka rusa garin, ana son mu yi tafi. Gidajen mutane fa, ba a ware na mai laifi da na marar laifi ba.

Ƙafar Chuck Norris tana aiki, wannan ba gardama. Amma faɗan da ake ja a hankali da kiɗan gargajiyarsu da ba ya yankewa sun ishe ni. Wanda yake son naushi kawai ya je ya turo. Ni dai na goge shi daga wayata.