Shagon turin fim na hanyar Ƙofar Ƙaura da fina-finan Kim Hye-ja

Shagunan turin fina-finai a cikin garin Katsina kusan duk kaya ɗaya gare su: Indiya mai fassarar Hausa, sababbin shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango, sai na Koriya irin na samari da 'yan mata da na takubba, waɗanda tun zamanin Jumong mutanenmu suka kamu da son su. Wanda zan yi magana a kansa ɗan ƙaramin shago ne a kan hanyar Ƙofar Ƙaura, maƙale da na mai gyaran waya, ko allo ba shi da shi. Kwamfuta biyu ce a ciki, da benci ɗaya, da fanka mai aiki da sola. Abin da ya raba shi da saura a wurina shi ne yaron da ke zaune a gaban kwamfutar yana sauraren abin da aka ce masa, kuma in babu abu a wurinsa yakan nemo.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, kallon yaran nan masu kukan soyayya ya daɗe da fita raina. Ayyukan wata dattijuwar 'yar wasan Koriya ta Kudu nake bi, Kim Hye-ja, wadda aka haifa a Seoul a 1941. Sauran shagunan da na tambaya, da na ambaci sunan sai su miƙo mini duk abin da ke da rubutun Koriya a kai. Shi wannan ya sa na rubuta masa sunan a takarda, ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Mama, wannan ai kaka ce. Ita kike so?" Na ce ita fa. Ya ce in ba shi zuwa jibi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, matar nan ta shiga harkar ne a 1961, cikin rukunin farko na 'yan wasan da gidan talabijin na KBS ya ɗauka, tana ɗalibar jami'ar mata ta Ewha, karatun da ba ta ƙarasa ba. Abin da ya kafa ta a zukatan mutanen ƙasarta shi ne wani wasan talabijin na rayuwar ƙauye, Country Diaries, da tashar MBC ta nuna daga 1980 har 2002. Shekara 22 kenan, kashi 1,088, tana fitowa a matsayin uwar gida a gidan manoma, ga uwar miji, ga 'ya'ya, ga surukai. Yaron da aka haifa lokacin da aka fara wasan ya isa aure kafin a gama shi. Shi ya sa can ake kiranta uwar ƙasa. Kuma tun 1975 ta daɗe tana tallan wani garin ɗanɗanon miya mai suna Dasida, har fuskarta ta zama ta madafin kowane gida.

A nan ne shagon ya ɗan gaza, kuma ban ga laifin yaron sosai ba. Daga cikin wannan dogon wasa 'yan kashi kaɗan ya samo, hoton dishi-dishi, babu fassarar ko wane yare a ƙasa. Ya faɗa mini haka tun kafin ya tura, bai karɓi kuɗinsu ba. Na kalla duk da haka. Ko ba ka jin abin da ake cewa, ka ga mace ta ajiye wa miji akushi ta koma gefe ta zauna, ka san gidan.

Wanda ya fito tas shi ne Mother na 2009, na darakta Bong Joon-ho, mutumin da daga baya ya ci Oscar da Parasite. Wannan fim shi ne dalilin da ya sa nake ganin duk wahalar neman ta biya. Daraktan ya ɗauki matar da ƙasa gaba ɗaya ta sani da uwa mai haƙuri da tausayi, ya ce to bari mu ga iyakar inda son ɗa zai kai ta. Tana sayar da magungunan gargajiya, tana yi wa mata allurar tsire jiki a ɓoye ba da izinin hukuma ba. Ɗanta tilo yana da raunin ƙwaƙwalwa. Aka tsinci gawar wata 'yar makaranta, 'yan sanda suka kama shi suka sa ya sa hannu a takarda, suka rufe magana. Sai ita ta fita neman gaskiya da kanta, gida-gida, da kuɗin da ba ta da shi. Ba zan ɓata muku ƙarshen ba. Abin da zan ce kawai, akwai wurin da take kallon ɗan nata ta cikin gilashin gidan yari, fuskarta ba ta motsa ba amma ka ga komai ya rushe a cikinta. Mu da muka san iyaye mata masu rantsuwa da Alƙur'ani cewa ɗansu ba ya ɗauke-ɗauke alhali unguwa duka ta sani, wannan uwar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa, kuma masu sharhin fina-finai na Los Angeles a Amurka sun zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasa ta shekarar 2010. Gargaɗi ɗaya: akwai wuraren da ba na kallo da yara ba ne. Yaron shagon bai faɗa mini ba, kuma ya kamata a ce ya faɗa.

Ya kuma haɗa mini Dear My Friends na 2016, inda ta fito a bazawara mai fama da ciwon mantuwa cikin ƙawayenta tsofaffi, da The Light in Your Eyes na 2019, wanda ya ba ta babbar kyautar Baeksang, bikin karrama fina-finai da wasannin talabijin na ƙasarsu, tana dab da shekara 80. Na farkon ya zo da giɓi, kashi ɗaya a tsakiya babu, an maimaita na gabansa. Da na koma ya gyara nan take, har da ba ni haƙuri. Na biyun lafiya lau. In za ku kalle shi, ku daure da farkonsa, don yana farawa kamar wasan yara na agogon sihiri, sai can gaba ka gane abin da ake nuna maka tun farko.

Wasanninta na dandamali kuwa babu su a shagon, kuma ban yi mamaki ba. Ta yi Shirley Valentine, ta kuma yi wani wasan da aka ɗauko daga labarin Faransa na yaro mai ciwon daji da ke rubuta wa Ubangiji wasiƙu, ita kaɗai a kan dandamali tana sauya murya daga yaro zuwa tsohuwa. Irin wannan sai wanda ya je ya zauna a zauren. Yaron ya yi ta nema, abin da ya samu guntayen hira ne, ciki har da na tafiye-tafiyenta da ƙungiyar agaji ta World Vision, wadda take yi wa jakadanci tun 1991, har ta je ƙasashen Afirka irin su Habasha.

Babbar matsalar ita ce yare. Ban da wasan ƙauyen nan, duk waɗannan da rubutun Turanci suke a ƙasa, babu mai fassarar Hausa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Mama, masu fassara faɗa suke so da soyayya. Wa zai sayi tsohuwa tana kuka?" Gaskiyarsa ta kasuwa ce, amma ina ganin sun yi kuskuren lissafi. Ƙanwata da ba ta karanta Turanci ta zauna muka kalli Dear My Friends ina yi mata bayani, ita ce ma ke hana ni tashi in ɗora tukunya.

Kuɗinsa bai wuce na sauran shaguna ba, sai dai abin da ya nemo musamman yakan ƙara ɗan wani abu na data, kuma yana faɗa tun farko. Ku je da memori ko filashi mai wuri, don ba ya matse fim har hoton ya lalace, wayar da ta cika da hotunan biki ba za ta ɗauka ba. Bayan la'asar samari sukan cika bencin, mace ba ta samun wurin zama, gara a je da hantsi. Kuma a sa ya buɗe kowane kashi a gabanki kafin ki biya. Yanzu na bar masa sallahun Our Blues na 2022, wanda aka yi a tsibirin Jeju, inda ta fito a uwa, jarumi Lee Byung-hun kuma a ɗanta. Ya ce kashi 20 ne, in zo da babban filashi.