Hutu a jirgin ruwa kai kaɗai: Nilu, Jidda, Dubai ko Turai, wanne ya dace da mai tashi daga Maraɗi?

Farashin da ake liƙawa a tallar jiragen ruwa na shaƙatawa ba naka ba ne, in dai kai kaɗai za ka tafi. Kamfanonin suna lissafi ne a kan mutum biyu a ɗaki ɗaya, sai su rubuta kason mutum guda. Da ka ce ɗakin naka ne kai kaɗai, za a ɗora maka ƙari, wani lokaci rabi, sau da yawa ninki cur. A ce ka ga tafiyar kwana bakwai a yuro 600, wajen jikka 394 ke nan tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Kada ka yi mamaki in takardar biya ta fito da kusan jikka 787. Akwai jiragen da ke da ɗakunan mutum ɗaya. Kamfanin Norwegian ne ya yi suna da su tun 2010 a jirginsa Norwegian Epic, ƴan ƙananan ɗakuna marasa taga, kuma wasu jiragen kamfanin MSC ma suna da irinsu. Sai dai ba su da yawa, su ne ke fara ƙarewa, don haka mai son su ya nema da watanni.

Amma ga mutumin Maraɗi, ko wannan ba shi ne abin fara dubawa ba. Biza ce, sannan hanyar da za ta kai ka bakin teku. Jirgin da ya fi kowanne kyau a hoto ba shi da amfani in fasfonka bai kai ka tashar da yake ɗaukar mutane ba.

Mu fara da Turai, tunda ita ce ta cika intanet. Jiragen MSC da Costa suna zagaya Bahar Rum daga Basalona, Marsai, Janowa da tashar da ke kusa da birnin Rum, galibi kwana bakwai, kuma saboda yawansu farashinsu na da sauƙi. Matsalar ita ce bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wajen jikka 59, ba a maidawa ko an hana ka. Ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar abin da ke asusunka na banki. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, abin da ya ƙara wa masu nema wahala. In kuma jirgin zai leƙa Tunis ko wata tashar Turkiyya ya dawo, biza mai shiga sau ɗaya ba ta isa ba, sai mai shiga da fita. A ganina, wanda ba shi da Shengen a hannu tun da farko ya bar wannan sai karo na gaba.

Jiragen Dubai suna aiki ne lokacin sanyi, daga wajen Disamba zuwa Maris, su bi Abu Dabi, Doha, tsibirin Sir Bani Yas, wani lokaci Maskat ko Baharain. Ƴan kasuwarmu sun san Dubai, abincin halal ba abin nema ba ne a gari, ruwan kuma galibi a kwance yake. Abin lura shi ne kowace ƙasa da dokarta ta shiga, kuma ita Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take, za ka shige ta fiye da sau ɗaya. Ka tura wa kamfanin sunan ƙasar fasfonka, su rubuto maka bizar da ake buƙata tasha bayan tasha. Amsar baki ta ɗan ajans ba ta cetonka gaban jami'in shige da fice. Yankin kuma in rikici ya tashi akan soke tafiye-tafiye, sai ka duba halin da ake ciki kafin ka biya.

Sai Jidda. Saudiyya ta kafa nata kamfanin, AROYA, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Disamban 2024 yana yawo a Bahar Maliya, zuwa wurare irin su Sharm El Shek a Masar da Aƙaba a Jodan. Ba giya, ba gidan caca, abinci halal ne, akwai wurin salla. Ga wanda ke tsoron ya biya kuɗinsa ya tsinci kansa tsakiyar mashaya, wannan ya raba gardama, kuma akwai tafiyoyi gajeru na kwana uku ko huɗu. Hanyar Jidda kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Sai dai kada ka ɗauka bizar Umara ta wadatar. Ka tambaya a rubuce ko irin bizar da ke hannunka ta yarda ka fita ta ruwa ka sake shigowa. Ka kuma duba jadawali, don lokacin zafin Turai jirgin kan koma Istambul.

Ni dai da ƙanena ne ya tambaye ni, Nilu zan ce masa, wato kogin da ya ratsa Masar. Jiragen kogin suna tafiya tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu, su tsaya Edfu da Kom Ombo, su ratsa ƙofar ruwa ta Esna inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi. Ƙasa ɗaya, biza ɗaya. Jirgin ƙarami ne, mutum ɗari da wani abu, ba dubbai ba, kafin kwana biyu ka san fuskar kowa a wurin cin abinci, kuma wannan babban abu ne ga wanda ya zo ba abokin hira. Ba igiyar ruwa, gaɓa biyu na gabanka kullum, ga dabino, ga masu noman rake, ga kiran salla yana tasowa daga ƙauyuka. Wanda iyakar saninsa da ruwa kwale-kwalen tafkin Madarunfa ne, nan ya kamata ya gwada cikinsa kafin ya hau teku. An fi zuwa daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga Mayu zuwa Satumba zafi kan wuce digiri 40, farashi ya faɗi saboda Turawa sun gudu, mu kuwa da muka saba da watan Afrilu a Maraɗi ba abin da zai firgita mu. Abin da ba za ka samu ba shi ne manyan wasanni da shaguna na katafaren jirgi, kuma ƙarin kuɗin mutum ɗaya yana nan ko a Nilu.

Batun hanya. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita wajen 660 ne, ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda a bas. Daga filin jirgin Diori Hamani akwai Turkish Airlines ta Istambul, Ethiopian ta Adis Ababa, Royal Air Maroc ta Kasabalanka. Kano ta fi kusa, ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, kuma EgyptAir na tashi daga can zuwa Alƙahira, amma sai ka auna halin iyaka da na tsaron hanya a makon tafiyarka. Ko ta ina ka bi, ka isa garin da jirgin ruwa yake aƙalla kwana ɗaya kafin tashi, biyu ma sun fi. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar tafiyar gaba ɗaya ba, jirgin ruwa kuma ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Fasfo ya rage aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, katin rigakafin shawara yana cikinsa.

Wajen zaɓen ɗaki a babban jirgi, mafi araha shi ne na ciki marar taga. Duhu ne ƙirin ko da tsakar rana, sai ka dogara da agogo don Asuba. Mai taga ya fi shi kaɗan a kuɗi, kuma ga mai tafiya shi kaɗai ina ganin ya cancanci ƙarin. Mai baranda kuwa, tunda ninki za ka biya, bar shi. Nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, can ne tangaɗi ya fi sauƙi.

Akwai kuɗaɗen da ba sa cikin talla. Ladan ma'aikata ana cire shi kowane dare, a jiragen Bahar Rum wajen yuro 12. Lemun kwalba, intanet, yawon gari da kamfani ke shiryawa, likitan jirgi, duk daban ake biya. Ranar shiga za a ba ka kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗinka, a haɗa shi da katin banki ko ka ajiye tsabar kuɗi. Ka gwada katinka na Visa ya yi aiki a waje tun kana gida. Da jirgi ya bar gaɓa ka kashe layin wayarka, don hanyar sadarwar teku ta tauraron ɗan'adam ce, tsadarta ba ta misaltuwa.

Butar roba ka sa ta a jaka, banɗakin jirgi ba a yi shi don mu ba. Butar lantarki ta shayi da dutsen guga kuwa za a karɓe su a ƙofa, saboda tsoron gobara. Kilishi ma kada ka ɗauka in Turai ka nufa, an hana shiga da nama. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, sai ka duba kamfas lokacin kowace salla. A jiragen da ba na Saudiyya ba, ka nemi abincin halal tun lokacin yin rajista, in ba a samu ba ga kifi da ganye. Ka roƙi a sa ka teburin haɗaka da dare maimakon a ware ka a lungu.

A kowace tasha za a rubuta lokacin komawa, yawanci rabin awa kafin tashi, da agogon jirgi ba na gari ba. In ka fita da ayarin kamfani kuka makara, za a jira ku. In ka fita da tasi don kanka, ba mai lura da cewa ba ka dawo ba sai na'urar ƙofa. Ɗauki hoton takardar ranar mai ɗauke da lambar wakilin jirgi a tashar, ka riƙe kwafin fasfo a aljihu, ka bar wa wani a gida jerin tashoshi da ranakunsu.

Wajen biya, ka fara da kafin alƙalami wanda ake maidawa, ka nemi biza da takardar rajistar, sai ta fito ka cika sauran ka yanki tikitin jirgin sama. Ranar ƙarshe ta cika kuɗi takan faɗo wata ɗaya zuwa uku kafin tashi, gwargwadon kamfani, kuma daga ranar ne abin da za a maido maka in ka fasa yake fara raguwa. Ka sa a rubuta maka ita a rasit.