Sanyin naitirojin: ƙarfe da fanel ba hanyarsu ɗaya ba

Malam, ka tambaya ko tsananin sanyin nan da aka ce yana ƙara wa ƙarfe ƙarko zai amfani fanel ɗin waya, wato allon da aka jera kayan cikin wayar salula a kai, da wayoyin sifika a shagonka na PZ a Zariya. Ƙarfe kam yana amfana, amma ina roƙonka kada ka gwada a kan kayan mutane.

Ba sanyin firiza ake nufi ba, ita iyakarta wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Da ruwan naitirojin ake yi, mai digiri 196 ƙasa da sifili, irin wanda ake adana maniyyin bijimai a ciki a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika.

Ka san yadda maƙeri ke gasa bakin gatari ya yi jawur, ya tsoma a ruwa ya yi cuu. A nan tsarin cikin ƙarfen ke juyewa daga mai taushi, ostenait, zuwa mai tauri, matensait. Amma a ƙarfe mai yawan kabon juyin ba ya kammaluwa, akan bar saura. Wannan sauran sanyin ke ƙarasawa. A hankali ake sauke zafin, a bar ƙarfen cikin sanyin kamar kwana guda, a dawo da shi sannu, sannan a ɗan sake gasa shi don kada ya zama mai saurin karyewa. Bakin injin huda da wuƙaƙen yankan ƙarfe sukan daɗe ba su dakushe ba. Rodin gini kuwa, mai ƙarancin kabon, ba abin kirki da zai ƙaru da shi.

Jan ƙarfen cikin wayar sifika ba shi da irin wannan juyin. Yana cikin sanyi wuta ta fi ratsa shi da sauƙi, da ya ɗumama ya koma yadda yake. Shi ya sa ban gamsu da masu cewa sautin sifika na gyaruwa idan an sa wayoyinta a wannan sanyin ba.

Fanel ya fi ba ni tsoro. Roba, dalma da silikon kowanne da yadda yake tsukewa, sai haɗin dalmar ya tsage a ƙarƙashin IC, wato 'yan ƙananan kayan silikon da ake mannawa a kan fanel, inda ido ba ya gani. Ruwan cikin kafasita, 'yar na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ya daskare. Da ka fito da fanel ɗin kuma raɓa ta lulluɓe shi kamar kwalbar zoɓo daga firij, ka jona wuta ya ƙone. Batirin litiyom ma cajinsa ƙasa da sifili lalata shi yake.