Kayan kallon tsuntsayen ruwa a Ingila: abin da ya cancanci kuɗi da wanda bai cancanta ba

'Yan uwa masu tambaya a kan kayan kallon tsuntsaye da ɗaukar hotonsu, ga yadda abin yake a nan Ingila. Kayan suna da tsada, amma abin da ya fi burgewa shi ne hidimar da ke kewaye da su.

Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda aka kafa a 1889, tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya, da gandaye a bakin teku da tafkuna, irin su Minsmere a Suffolk da Snettisham a Norfolk. Ƙungiyar WWT kuwa, wadda masanin tsuntsaye Peter Scott ya kafa a Slimbridge a 1946, ta fi ba da ƙarfi a kan fadamu da agwagin ruwa da dinya. A gandayen akwai ɗakunan katako na leƙe, masu benci da siraran tagogi daidai idon mai zaune. Tsuntsu ya saba da ɗakin, don haka zalɓe ko balbela kan matso har mita 15. Wannan kusancin ya fi duk wani gilashi mai tsada amfani. Illarsa ɗaya, daɓen katako ne: da wani ya taka sai ƙafar kyamara ta girgiza, hoto ya dushe. Shi ya sa masana ke ɗora kyamara a kan ƙaramar jakar wake a bakin taga.

Madubin hangen nesa shi ne farkon abin saye. A duba lambobin jikinsa. 8x42 na nufin yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42. In ka raba 42 da 8 za ka sami 5.25, wato faɗin hasken da ke isa ido a milimita. Ƙaramin 10x25 yana ba da 2.5 kawai, shi ya sa yake duhu da asuba da almuru, lokacin da tsuntsaye suka fi fitowa. Na Swarovski da Zeiss da Leica na sahun gaba sukan haura fam 2,000. Na Nikon ko Opticron ko Vortex na tsakiya, a kan 'yan ɗaruruwan fam, sun wadatar. Bambancin sai a gefen gilashi da cikin ƙarancin haske. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne ya zama an cika cikinsa da iskar naitirojin an toshe, don kada ruwa ko ƙura su shiga. Shagunan wasu gandayen sukan bari ka gwada a kan tsuntsu na gaske kafin ka biya, kuma abin da aka saya ta intanet doka ta ba da kwana 14 a fasa.

Gilashin kyamara kuwa, ƙarfin kusantowarsa da milimita ake aunawa, kuma ƙasa da milimita 400 wahala ce kawai a bakin ruwa. Sigma 150-600 da Sony 200-600 duk suna kusan kilo 2, hannu yakan gaji cikin mintoci. A nan kasuwar kayan hannu ta fi ta sababbi riba. Kamfanoni kamar MPB da Wex suna bincika kaya, su faɗi matsayinsa, su ba da garanti. Duk da haka a haska tocila ta cikin gilashin: in an ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, a bar shi. Mai niyyar aiko da kaya gida ya tambaya ko garantin yana aiki a wajen Turai, domin sau da yawa ba ya aiki. Batura kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da su.

Saitin bai da yawa. Tsuntsu mai tashi, saurin ƙiftawar kyamara 1/2000 na daƙiƙa. Na zaune, 1/500. Farin tsuntsu a kan ruwa mai duhu yana ruɗa kyamara ta cika haske har gashinsa ya ɓace a hoto, sai a rage haske da mataki ɗaya. Rana a bayanka, iska ma a bayanka in ya yiwu, saboda tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko sauka.

Abin da baƙo bai sani ba shi ne teku. Tana cika sau biyu tsakanin dare da rana, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Jadawalin kyauta ne a intanet. A isa awa biyu kafin cikar, ruwa ne zai koro tsuntsaye daga laka zuwa gabanka. A Snettisham dubban tsuntsaye ba sa tashi gaba ɗaya sai a babbar cika, wadda ke zuwa bayan tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Kada a kuskura a shiga lakar. A gaɓar tekun Morecambe a 2004 ruwa ya rutsa da mutum fiye da 20 masu tsintar katantanwar teku. In an shiga haɗari a kira 999 a nemi masu gadin gaɓar teku.

Doka ma tana nan: ta 1981 ta hana damun wasu tsuntsaye a sheƙarsu, ɗaukar hotonsu a can sai da lasisi.

Feshin gishiri yana cin ƙarfe da roba. Bayan an dawo a goge jikin kaya da ƙyalle mai ɗan laima na ruwan daɗi, a hure yashi daga gilashi kafin a shafa, in ba haka ba ya karce. Daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi, a bar kyamara cikin leda a ɗaure awa ɗaya, raɓa ta taru a kan ledar. A ajiye ta a akwati mai rufi da ƙullin silika mai tsotse laima, a riƙa busar da ƙullin duk lokacin da launinsa ya sauya.