Hattara da Makaniken da Ke Saita Bawul da Kunne

'Yan'uwa masu babur, abin da ya same ni ne ya sa na ce bari in yi magana kafin wani ya faɗa ramin da na faɗa. Ba zan kama sunan garejin ba, domin na gano ba mutum ɗaya ke wannan sana'ar ba.

Na kai babur ɗina mai inji 125 sabis kamar yadda na saba: juye baƙin mai, duba fulogi, wanke matatar iska, ɗaure sarƙa, gyara birki. Makaniken ya tayar da inji, ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Maigida, ba ka jin wannan ƙas-ƙas ɗin? Bawul ne. In ba a saita yau ba, inji zai tashi aiki." Bawul dai su ne 'yan ƙofofin da ke buɗewa mai da iska su shiga inji, hayaƙi kuma ya fita. Kuɗin da ya yanka wa wannan aiki kaɗai ya kusa kai na sauran sabis ɗin gaba ɗaya. Na biya, na tafi wata hidima, ban cika awa guda ba na dawo na tarar an gama. Inji ya yi tsit, sai ka ce sabo. Har godiya na yi masa.

Bayan mako uku babur ya fara gardama. Da safe sai na buga kik har gumi ya keto min. In ya yi zafi kuma na tsaya, sai ya mutu da kansa. Hawan tudu ya zama wahala. Da na koma, ko kunya babu, ya ce fistin ne da zobensa suka gaji, sai an sauke inji. A nan jikina ya ba ni. Na tura abina wurin wani dattijon makanike, shi kuwa ya ce in bar shi ya kwana, don ba ya taɓa bawul sai inji ya huce sarai. Washegari a gabana ya buɗe murfi, ya juya inji har alamar T, wadda ke nuna fistin ya kai can sama, ta daidaita, ya zaro fila gej, wato waɗannan siraran ƙarafa masu lamba da ake auna tazara da su. A bawul ɗin fitar hayaƙi, ko mafi sirantar cikinsu bai shiga ba. Ashe an ɗaure shi tamau ne, shi ya sa ƙarar ta ɓace.

Ga yadda abin yake. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara da masu ƙera inji suka bari da gangan, saboda ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. A Honda CG125, misali, milimita 0.08 ce, kaurin gashin kai kenan ko kusa da haka. In tazarar ta yi yawa, za ka ji ƙas-ƙas, abin da ciwon kai amma ba ya kashe inji nan take. In ta yi kaɗan, babu ƙarar komai, sai dai bawul ba zai zauna daram a mazauninsa ba. Matsin inji ya zurare, wuta ta riƙa lasar gefen bawul, ga shi kuma ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa. Ƙarshenta ya ƙone. Wato shirun da na yi murna da shi, shi ne cutar. Mai wannan dabara ya ci kuɗin saiti yau, gobe kuma yana jiran ka dawo da babban aiki.

Da na fara ba da labari, sai ga wani abokina da aka yi wa sakiyar da ba ruwa ta wata fuska. Nasa babban babur ne, irin wanda ba shi da sukuru da noti na saiti, sai shim, ɗan faifan ƙarfe kamar maɓalli. Canza shim a yawancin irin waɗannan injuna sai an cire tanki, an buɗe murfi, an ɗaga kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa tana danna bawul, shi ya sa aikin ke da tsada, kuma mafi yawan kuɗin na wahalar hannu ne ba na kaya ba. An caje shi kuɗin shim har huɗu. Da aka duba daga baya, ƙurar da ke kan notocin murfin ko ɗan yatsa bai taɓa ta ba. Kuma babur ɗin ma bai kai lokacin dubawa ba: manyan babura da yawa sai sun ci kilomita 24,000, wasu na Yamaha har 40,000 da 'yan kai. Ƙanana ne ake dubawa a kai a kai, bayan 'yan dubban kilomita. Littafin da ke zuwa da babur ya faɗi na kowanne.

Ba ina cewa saita bawul ƙarya ba ne. Aiki ne na gaske, mai guje masa don tsumulmula shi ma zai gamu da gamonsa. Amma dubawa daban, saitawa daban. Sau da yawa a auna a tarar komai daidai, a mayar da murfi, kuma bai kamata a karɓi kuɗin saitin da ba a yi ba.

Yanzu ni dai kafin a taɓa min inji sai na tambaya: nawa tazarar take a littafi, nawa ka samu, nawa ka mayar da ita? Wanda ya auna zai faɗi lamba ba tare da inda-inda ba. In na iso da inji da zafinsa aka ce za a saita nan take, sai in ce a bari, domin littattafan Honda ma cewa suka yi sai zafin inji ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Celsius. In an ce an canza shim, a miƙo min tsofaffin a hannu. Wanda kuma ya ce min shi kunnensa ya fi gej, sai in tura babur ɗina in yi gaba.