Rumfar da mai walda ya yi wa raƙumina

Bara na sayo raƙumi a hannun wani Buzu a kasuwar Illela, don huɗa da kwasar albasa a lambuna na Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima. Sai na kira wani mai walda a nan cikin garin Sakkwato ya yi mini rumfa mai ɓangare biyu: ɗaya na dabba, ɗaya mai ƙofa na ajiye harawa, garma da injin ban-ruwa.

Ɓangaren ajiyar ba ni da abin cewa. Ƙarfe mai kauri ya sa, ya ɗaga daɓen har ruwan damina bai taɓa harawar ba, iskar farkon damina da ta yaye kwanon maƙwabcina kuwa ko gezau rumfata ba ta yi ba.

Wajen raƙumin ne aka yi ta. Ashe bawan Allah rumfar shanu ya saba yi, sai ya tsaida rufin a ƙafa 7. Na ce masa ya yi ƙasa, ya ce, "Alhaji, wanga ai ya isa." Raƙuminmu mai tozo ɗaya, daga ƙasa zuwa kafaɗa kawai ya kusa mita 2, ba a zo maganar tozo da wannan dogon wuya ba. Ranar farko da ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka fara miƙewa kamar yadda suke yi, kafin ka ce kwabo kai ya daki kwano. Kwana uku ko da akala ya ƙi shiga. Raƙumi da riƙo!

Abin da ya burge ni, mutumin bai yi gardama ba. Ya dawo ya ƙara tsawon zuwa ƙafa 12, kuɗin ƙarfe kawai na biya. Ya so ya zuba siminti, na hana, domin dabbar da ke gurfana kan ƙirji da gwiwa yashi take so. Ni na shimfiɗa zana ƙarƙashin kwanon, saboda zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40.

Rabin duron da ya yanka mini na ruwa ma ya yi kaɗan. Yaronsa ya ce ai da ruwa a tozon. Kitse ne, ɗana. In ya kwaso ƙishi, yana iya shanye lita 100 a tashi ɗaya.

Zan sake ba shi aiki, amma da raƙumin zan je ya auna.