Firinta ɗaya, kwamfuta huɗu: ta Windows ko ta rauta?

Ɗan'uwa, ka ce shagonka na buga takardu yana da kwamfuta huɗu da firinta ɗaya, yara na ta yawo da filasha daga teburi zuwa teburi, kana so ka san wanne ya fi sauƙi: raba firintar ta cikin Windows, ko jona ta da rauta, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin ya raba musu intanet.

Fara juya bayan firintar ka duba. In ramin USB kaɗai ka gani, irin na HP LaserJet 1020 ko P1102, hanyar Windows ce taka. In akwai ramin kebul na Ethernet, ko tana da Wi-Fi kamar P1102w, to kana da zaɓi.

Hanyar Windows ba ta cin ko sisi. A kwamfutar da kebul yake jikinta, ka shiga Printer properties, ka danna Sharing, ka sa alama a "Share this printer", ka ba ta gajeren suna. Sauran kwamfutocin sai a buɗe File Explorer, a wajen adireshi a rubuta \\sunan-kwamfuta\sunan-firinta. Da baki abin minti biyar ne. Amma wannan kwamfutar ta zama uwar ɗakin kowa: in ta yi barci, ko mai ita ya kashe ya tafi La'asar, babu mai buga ko shafi ɗaya, ga kwastoma tsaye da takardar neman aiki yana kallon agogo. Dole kuma hanyar sadarwar ta kasance a kan Private, domin a kan Public kwamfuta ɓoye kanta take yi, sannan sau da yawa za ta nemi suna da kalmar sirri. Abin ya ƙara tsauri tun 2021, bayan an gano ɓarakar tsaron da ake kira PrintNightmare. Daga nan sai mai ikon admin ke iya saka direban firinta, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita, daga wata kwamfuta, kuma gyaran da Microsoft ta fitar a watan Satumba na shekarar ya sa mutane da yawa suka riƙa cin karo da saƙon 0x0000011b. Za ka ji masu cewa a shiga Registry, ma'ajiyar saitin Windows, a kashe kariyar. Ni dai ban ce ka yi ba. Ka fara sabunta kwamfutocin duka su zo daidai.

Ta rauta kuwa, firinta cin gashin kanta take yi. Tana da nata adireshin IP, kamar 192.168.1.50, kowace kwamfuta na yi mata magana kai tsaye. Kuma ba ruwanta da data, ko sisi babu a layin rautar za ta buga. Sababbin firintoci suna jin yaren IPP, saboda haka Windows kan gano su da kanta, iPhone ta buga ta AirPrint, wanda Apple ta kawo a 2010, Android kuma ta Mopria. Kwastoma ya tura daga wayarsa, filasha ta huta.

Aibinta ɗaya ne, kuma mu da ake ɗauke wa wuta mun fi kowa saninsa. Duk sanda rauta ta mutu ta tashi, tana iya ba firinta sabon adireshi, kwamfutoci su ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa suna nuna Offline alhali firinta lafiyarta ƙalau. Maganinsa sau ɗaya ake yi: ka sa firintar ta buga shafin bayananta, ka ɗauki lambar MAC, wato lambar shaidarta, ka shiga rauta wajen DHCP, sashen da ke rabon adireshi, ka ware mata adireshi na dindindin. In ta Wi-Fi ce, ka tuna yawancin ƙananan firintoci zangon Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa.

Akwai ɗan akwatin da ake sayarwa mai mayar da firintar USB ta zama ta rauta. Kada ka saya sai an gwada a gabanka, don irin su 1020 da kwamfuta suka dogara wajen sarrafa shafi, kuma ba kowane akwati suke yarda da shi ba.

Da ni ne, in akwai ramin Ethernet zan ja kebul zuwa rauta, ko Wi-Fi ɗin ma ba zan kula ba. In USB ce kawai, ka ɗora ta a kan kwamfutar da ke gabanka, wadda ake fara kunnawa da safe, ka shiga saitin wuta ka sa Sleep a kan Never.